Ka Shiga Ta Ƙofa, Ka Rubuta Sunanka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a gidan surukanka a ƙasar Jawa. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na iska, ya sa ka sauka a hannun mutanen kirki. Ka gaishe min da matarka Nur. Ka gaishe da mahaifiyarta, ƙawata, ka ce mata gwiwoyin nan suna nan yadda ta bar su.

Na sa takardar a jakarka tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don na san ba za ka taɓa wajen ba sai ka isa. Hausarka ta kunne ce, na sani. Kada ka karanta da ido kawai. Ka karanta da baki, a hankali, yadda ni ma na rubuta, in kunnenka ya ji za ka gane. Rubutun nan kwanaki zai ɗauke ni. Na haura arba'in kafin in riƙe alƙalami, yanzu kuma idona ba ya jure layi uku sai na ajiye na huta.

Ba ni da labarin da zan ba ka, tare muke har ranar tafiyarka. Magana ɗaya ce ka yi ta tsaya min a wuya.

Ranar Juma'a kana cin tuwo a bakin ƙofa, ka ce yayyen Nur biyu sun yi maka alkawari, da zarar ka huta za su kai ka saman dutsen garinsu.

Ka ce, "Ummi, dutse ne mai aman wuta, amma barci yake. A samansa akwai rami, a cikin ramin akwai tafki, ruwan kore shar kamar fentin masallaci."

Na ce, "Mai barci ai yana tashi."

Ka ce, "Halas, Ummi. Har tsofaffin Turawa suna hawa da sanda."

Sai ka ƙara da cewa, "Akwai ƙofa a gindin dutsen, masu kaki suna zaune da littafi, wai kowa sai ya rubuta sunansa. Amma su yayyen Nur sun san wata hanya ta bayan gonakin gahawa. Kin dai san ni da ƙofa."

Ka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe min. Sai da na zo wanke kwano maganar ta dawo min. Na san ka da ƙofa mana. Ni na raba ka da ita.

Kana shekara biyar muna tsaye a bakin titi a unguwar Mahjar, nan Jidda, muna jiran mota. Wani askar, ɗan sanda da kakinsa, ya fito daga kanti da alewa a hannu, ya durƙusa a gabanka, ya ce da Larabci, "Yaya sunanka, yaro?" Ka faɗa masa cikakke, har da na babanka, kana washe baki. Bai yi mana komai ba. Ya ba ka alewar, ya shafa kanka, ya wuce. Muna shiga lungu na mare ka. Alewar ta faɗi, ba ka ko duba ta ba, ni kake kallo. Na ce, "Daga yau in mai kaki ya tambaye ka suna, kai kurma ne."

Daga nan na ɗora. In ka hango kaki, juya. In ka ga shinge, nemi bayansa. In aka miƙo maka takarda, ka ce ba ka iya ba. In dole ta kama, ba da sunan wani. Ba mu da iƙama, takardar zaman ƙasa, ni ba ni da ita, kai ma aka haife ka ba ka da ita, ban san wata dabarar da zan riƙe ka da ita ba. Ka koya, har ka fi ni iyawa. Shekara ashirin da bakwai jawazat, masu kama marasa takarda, ba su taɓa sa maka hannu ba, sai da ka kai kanka da ƙafarka don su bar ka ka fita ka bi matarka. Matan unguwarmu Nuzla har yabona suke, wai na iya renon ɗa.

To, Abba, icce tun yana ɗanye na tanƙwara shi, yau ga ni ina roƙonsa ya miƙe bayan ya bushe. Na kira Maman Nur a waya na tambaye ta littafin nan. Ka san Larabcinmu ni da ita, rabi baki rabi hannu, a waya kuma babu hannu. Amma na gane. Ta ce ba littafin kama mutane ba ne. Da yamma suke duba shi, su ga wa ya hau, wa ya sauko. In suna ɗaya ya rage, sai su ɗauki igiya su hau nema. Ta ce kuma ranar da dutsen ya fara motsi a cikinsa, su ne ke fara sani, sai su rufe ƙofar su kora kowa gida. Mai bin bayan gona wa zai gaya masa?

Yanzu kana da fasfo, da hotonka, da sunanka na gaskiya. Babu wanda yake nemanka a can. Ka shiga ta ƙofa. Ƙafarka za ta so juyawa da kanta, na san ta. Ka tsawata mata. In suka ce yau an rufe, ka ce to, ka koma ka sha shayi da surukinka. Dutse ba ya ƙaura.

Na biyu, ƙirjinka.

Tun tasowarka nake ce maka gado ka yi wajen kakanka na Tasawa. Ƙarya ce. Kakanka har ya rasu yana noma, ban taɓa jin tarinsa ba.

Kana shekara biyu ina sana'ar turaren wuta a ɗakinmu na farko, wanda ba shi da taga sai 'yar kafa a sama. Ka san suyar farce, ka san warinta kafin ta zama ƙamshi. Ranar nan da hantsi aka ce askar suna zagaya unguwa, hayaƙi kuma shi ke kiran su, don duk inda ya tashi sun san akwai mai sana'a. Ga gawayi na riga na hura, ga kayan biki an ba ni. Sai na rufe ƙofa, na cusa tsumma a ƙarƙashinta, na toshe kafar saman da matashi. Kana kwance a tabarma. Na ce da kaina minti kaɗan ne.

Ban ji zafin komai ba. Wannan nake so ka riƙe. Kaina ya ɗan yi nauyi, sai barci mai daɗi, irin na bayan azahar. Na jingina da bango ina cewa bari in rufe ido kaɗan.

Hajiya Ta-Annabi, maƙwabciyarmu, ita ta zo aron rariya. Ta buga ba amsa, ta ji wari, ta sa kafaɗa ta ɓalle sakatar. Ta ja ni waje ta ƙafa, ta ɗauko ka kamar wanki. Da na farfaɗo tana ta zuba maka ruwa tana zagina.

"Ke wace irin jaka ce? Askar kike tsoro ko Mala'ikan mutuwa?"

Na ce, "Hajiya, rufa min asiri, yi a hankali, za a ji."

Ka ji abin da na ce. Kana hannunta ba ka motsi, ni ina cewa za a ji. Asibiti ma ba mu kai ka ba, don za a tambayi takarda. Madara muka ɗura maka. Ka tashi, amma tun daga makon nan ka fara tarin da bai bar ka ba. Bayan shekaru wani likita ya ce min ba lallai daga nan ba ne. Shi da karatunsa, ni da abin da na sani.

Ban tsaya nan ba. Lokacin neman aurenka ni na ce ka mayar da maganin shaƙarka aljihun ciki, kada dangin Nur su gani su ce mun kawo musu mai ciwo. Nur ta sani yanzu, mace ba a ɓoye mata numfashin miji. Amma yayyenta ba su sani ba. Su kuma mutane ne da aikinsu ɗauko farar wuta daga cikin ramin nan, kwando biyu a kafaɗa, su hau su sauka kamar awaki. Na san ka. Za ka gwammace ƙirjinka ya tsage da a ce mijin ƙanwarsu, baƙon da ya zo daga Jidda, ya zauna a hanya yana haki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun a gida, kafin ka ɗaura takalmi, ka zaunar da su ka gaya musu. Ka fito da maganin ka nuna musu, ka nuna aljihun da yake, ka nuna yadda ake danna shi, ko da za a kai ga lokacin da hannunka ba zai iya ba. In akwai likita kusa, ka fara zuwa ya saurari ƙirjin, in ya ce kada ka hau, shi ke nan, an gama. In sun yi maka dariya, su yi. Dariyar suruki ba ta kai mutum kabari.

Maman Nur ta ce hayaƙin dutsen fari ne mai ruwan ɗorawa, yana shaƙe wuya yana sa hawaye, kuma iska ke juya shi yadda ta ga dama. Yanzu yana can, kafin ka ce me ya rufe ka. Ta ce su 'yan gari tsumma suke jiƙawa su ciza. Kai ba ɗan gari ba ne. A gindin dutsen ana ba da abin rufe hanci na roba mai matata gefe da gefe. Ka karɓa, ka gwada shi a ƙasa ka ga ya kama fuskarka, ba sai ka je sama ba. Ka riƙa lura da inda iska take kaɗawa, ka tsaya ta bayanta. Ka tsaya a bakin ramin daga sama, ka kalli tafkin, ka ce Subhanallah, ya isa. Kada ka gangara ciki, ko su sun gangara. In ka gaji kada ka zauna a kwari ko a lungun duwatsu inda iska ba ta shiga, mugun abu a ƙasa yake kwanciya, kai ma a tabarma ya fi samunka. In kuwa ka ji kanka ya yi nauyi, barci yana maka daɗi, to ba gajiya ba ce. Ka kama rigar na kusa da kai, ka faɗa, ku fita inda iska take.

Na huta a nan. Yau kwana na uku. Bari in yi mai sauƙi kafin mai nauyi.

Na ji abin da Hajiya Ta-Annabi ta ce maka da ka je sallama, ina bayan labule.

"Abba, ka ɗebo min ruwan nan ko kwalba ɗaya. Ruwan da ya kwana a kan wuta ai ba a rasa shi da magani."

Na fito na ce, "Hajiya, ke ko ruwan kwata aka ce daga nesa ya zo sai kin shafa."

Ta ce, "Ji min mace. Baƙin ciki kike da ƙafata ta warke in riga ki zuwa gidan biki."

Kai kuma ka ce, "Abshiri, Hajiya, zan kawo." Na san ba za ka iya ce mata a'a ba, ni ma ban taɓa iyawa ba, ranmu biyu a hannunta aka dawo da su. Haka muke mu, duk inda muka ga ruwan mamaki sai mun cika gora. Zamzam ta saba mana. Amma ba kowane ruwa ne Zamzam ba.

Lokacin da nake aikin gida a arewacin Jidda, gidan da muka haɗu da Maman Nur, akwai wani ruwa da muke wanke bayi da shi, yana cinye duk wani datti. Uwar gidan ta ce in ɗiba in ina so. A jikin jarkar akwai rubutu ja manya-manya. Ni a lokacin rubutu ado ne a wajena. Na tsiyaya a gorar ruwan sha, na kawo gida, na ajiye a gindin bango kusa da buta. Babanka, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga unguwar Khumra la'asar tana neman wucewa, ya ga buta babu ruwa, ya ɗauki gorar ya zuba a hannu. Allah ya sa a hannu ya tsaya bai kai baki ba. Fatar ta saɓule. Mako biyu ni nake ba shi abinci a baki. Bai yi min faɗa ba, ya dai ce, "Da kin iya karatu da kin gani." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Dalilin zuwana wajen Malama Zinatu ke nan, 'yar Maraɗin nan da ta yi lakwal, makarantar boko. Ina zaune cikin jikokin mutane da furfurata ta fara fitowa, suna dariyar yadda nake riƙe alƙalami kamar muciya. Na koyi boko, na koyi Larabcin da zai ishe ni gane inda aka ce haɗari.

Maman Nur ta ce ruwan tafkin nan ɗan'uwan wancan ne. Ta ce ƙarfe ma in ya daɗe a ciki cinye shi yake. Kyansa na ido ne kawai. Kada ka taɓa, kada ka wanke fuska, kada ka ɗiba. In salla ta same ku a sama, ka yi alwala da ruwan da ka hau da shi, in ya ƙare ka yi taimama, Allah bai matsa wa kowa ba. Hajiya kuma ka saya mata farar wuta a kasuwar garin, ka aiko, dama ita ce maganin ƙaiƙayin ƙafar tata. Zan ce mata ruwan ne ya daskare a hanya. Duk allon da ka gani a kafe, ka tsaya. Harshensu ba ka iya ba tukuna, ka ce a karanta maka. Kada ka gyaɗa kai kamar ka gane. Na yi shekara arba'in ina gyaɗa kai.

Sauran ƙanana, kafin in manta. Kai ɗan Jidda ne, ba ka san sanyi ba, wanda ka ji a Ɗa'if wasa ne. Ka ari riga mai nauyi. Silifan nan naka da kake zuwa ko'ina da su, ka bar su a gida, ka nemi takalmi mai igiya. In ka haɗu da masu kwanduna a hanya ka matsa musu ta gefen dutse, ba ta gefen rami ba. Ku hau da safe ku sauko kafin hadari ya haɗo. In za a ɗauke ka hoto kada ka ja da baya kana kallon mai ɗauka, bakin ramin ƙasa ce mai zubewa. Hoton ma ba na so, in dai a bakin nan ne.

Yanzu mai nauyin. Babanka ya tafi bai sani ba. Hajiya ba ta sani ba. Kai ne na farko.

Ina da cikinka wata shida lokacin aikin Hajji ya zo. Ba mu da takardar izinin shiga Makka. Akwai direbobi masu kai irinmu. Suna sauke mutane kafin shingen askar, a zagaya da ƙafa ta bayan duwatsu, su wuce da mota babu kowa, su jira a gaba. Mu tara muka shiga. A cikinmu akwai wata tsohuwa, Inna Habsu, 'yar wajen Mirriya. Wata ɗaya ke nan da zuwanta, ba ta da kowa a nan, a ɗakinmu take kwana. Ita ke min tausa in ƙafata ta kumbura.

Direban ya sauke mu rana tana tsaka. Ya nuna da hannu ya ce, "Ku bi nan, kusa ne." Ba kusa ba ne. Duwatsu baƙaƙe, zafi yana tasowa daga ƙasa, mu duka da silifa. Tun ana tafiya tare, har aka zama layi, har layin ya tsinke. Ni da Inna Habsu muka zama na ƙarshe. Muka kai wani dutse mai 'yar inuwa, ta zauna.

Ta ce, "'Yar nan, je ki. In ja numfashi ɗaya in biyo ki."

Na ce, "Inna, tashi, saura kaɗan."

Ta ce, "Ke da kike ɗauke da mutum biyu ba ki zauna ba, ni zan kwana nan? Je ki riƙe min wajen zama, kusa da taga."

Na ba ta sauran ruwana. Na tafi. Ina waiwaye har dutsen ya kare ta.

Da na fito titi motar tana nan tana kaɗawa, kowa ya shiga. Direban yana buga ƙofa, "Yalla, yalla, ya Hajja!"

Na ce, "Saura ɗaya. Akwai tsohuwa a baya."

Ya ce, "Ni ban ƙirga kowa ba. Za ki shiga ko in tafi?"

Matan ciki suka ce wata motar za ta ɗauko ta, ai hanya ce, kullum ana bi. Daga inda nake tsaye ina hango rumfar askar. Nisanta bai fi daga gidanmu zuwa masallacin Juma'a ba. Suna da mota, suna da ruwa. Da na taka na je na ce akwai tsohuwa a bayan dutsen can, da sun je. Da sun kama ni, da sun mayar da ni gida da cikina, da a Tasawa aka haife ka. Na tsaya na auna. Ban daɗe ina aunawa ba, Abba. Na shiga motar. Na zauna kusa da taga.

Na neme ta a Mina, na neme ta a Arfa, duk tsohuwar da na hango ta baya sai na zagaya na duba fuska. Na dawo Nuzla ina cewa zan tarar da ita a ɗaki tana min tsiya. Ƙullin kayanta na tarar. Ban san sunan mahaifinta ba, ban san unguwarsu ba, ban san wa zan aika wa ba. Babu takardar da sunanta ya taɓa shiga tun da ta sauka ƙasar nan. Ba wanda ya neme ta, don ba wanda ya san ta ɓace sai mu, mu kuma duk kurame ne. Wataƙila wata motar ta ɗauke ta. Wataƙila an kama ta an mayar da ita gida ta ga jikokinta. Shekara ashirin da bakwai ina gaya wa kaina wataƙila.

Ƙullin nan da ke ƙarƙashin gadona, wanda muka yi ƙaura uku da shi, wanda kake cewa kayan kakarka ne, nata ne. Zane biyu, da tasbaha, da ɗan kwanon sha.

Saboda haka ka ƙirga. Kafin ku hau ka ƙirga ku nawa ne, da baki, kowa ya ji. A sama ka sake, a ƙasa ka sake. In wani ya ce ku je zai biyo ku, kada ka yarda, ka zauna tare da shi. In kai ne ka gaza, kada ka yi irin karamcin Inna Habsu, ka ce kada a bar ka. In abu ya faru, ka ruga wajen masu kakin nan ka buɗe baki ka yi ihu. Duk abin da za su yi maka bai kai zama da wataƙila ba.

Na gaji, Abba. Ba gajiyar rubutu kaɗai ba. Jawazat sun ɗauki hoton yatsunka ranar da ka kai kanka, na san abin da hakan yake nufi, ba lallai ka sake taka Jidda ba. Ni kuma ban ga ƙarfin da zai kai ni Jawa ba. Abin da ya rage tsakaninmu shi ne labari ya iya zuwa daga wajenka ya same ni.

Maman Nur ta ce a littafin nan, bayan sunan mai hawa, akwai gurbin wanda za a sanar in wani abu ya faru. Na san abin da za ka yi. Za ka sa Nur kawai, ka ce kana kare ni, kada sunana da unguwata su shiga takardar hukuma, ta bi ta ofishin jakadanci ta iso inda nake. Ka sa Nur, haƙƙinta ne. Sannan ka sa ni. Ka sa lambar wayata, ka san ta da ka. In labarin ya zo da masu kaki a bayansa suka buga ƙofa, zan tashi in buɗe. Gara a fitar da ni daga ƙasar nan na san inda kake, da in zauna lafiya da ƙulli na biyu a ƙarƙashin gado.

Ka yafe min marin. Ka yafe min ƙirjin. Ɗayan ba kai ne za ka yafe ba.

Allah ya hau da kai, ya sauko da kai da ƙafarka. Allah ya juya hayaƙin daga fuskarka, ya riƙe ƙasar da ka taka, ya bar dutsen cikin barcinsa har ku koma gida. Allah ya sa da yamma mai littafin ya sami sunanka ya ja masa layi. Allah ya yi maka albarka, kai da Nur da abin da za ku haifa. Na ba Allah ajiyarka, shi ajiyarsa ba ta ɓata.

Ga yadda za ka kwafa, na rubuta da manyan haruffa don kada ka ce ba ka gane ba:

RAKIYA SULE TASAWA, mahaifiyarsa. Nuzla Yamaniyya, Jidda. Lungun bayan gidan burodi, ƙofa ta uku, mai shuɗin fenti. Tana gida.

Wassalam.